Shafukan Malam Yusha'u a Cikin Leda

Gusau, Satumba 2021

Zuwa ga Baffa Malam Sahabi, Nahuce.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Dije da sauran mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar nan? Ina fata gero ya fara nuna. Mu nan lafiya lau, sai Mama da hawan jininta, amma tana shan magani.

Tun da aka rufe layukan waya ban ji muryarka ba, shi ya sa na koma wa biro da takarda. Zan ba direban da ke lodin Bunguɗu, ya ce ya san mai kai saƙo Nahuce.

Maganar littafin kakanku Malam Yusha'u ce, wanda ka kawo mana cikin gafaka don a gyara. Na yi nisa da aikin. Na share ƙurarsa shafi-shafi da buroshi mai laushi. Inda gara ta ci gefe na cike da siririyar takarda, na manna da gam ɗin garin alkama da muke damawa da kanmu, wanda in an shafa masa ɗan ruwa yake sakin takarda ba tare da ya ja tawada ba. Duk abin da na yi wa shafi, ni da abokiyar aikina Saratu mukan shigar da shi rumbun bayanai na kwamfuta: hotonsa kafin a taɓa shi, hotonsa bayan an gama, abin da aka shafa masa, da sunan wanda ya yi. Amfanin haka shi ne wanda zai zo bayanmu ya san abin da ke jikin takarda kafin ya sa mata hannu, kamar yadda likita ke duba katin mara lafiya kafin ya rubuta magani.

Baffa, ba don wannan kaɗai na rubuto ba. Wasu shafuka na tsakiyar littafin, inda yake maganar taurarin damina da lokutan shuka, sun samu illa babba. A hannuna abin ya faru, domin ni na karɓi littafin daga gare ka. Ba zan iya yi maka bayani a takardar da za ta bi hannun mutane ba. Na rubuta komai a rumbun yadda ya faru, kuma ba zan goge ba ko wa ya ce.

Ina roƙonka kada ka zo Gusau tukuna, sai na sake aiko maka. Ka gaida Inna Dije.

'Yarka,
Mansura


Nahuce, Satumba 2021

Zuwa ga Mansura.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan yadda kika san ta. Gero ya nuna, amma gonar da ke bayan rafi ba mu iya zuwa saboda halin da ake ciki. Allah ya ba mahaifiyarki lafiya.

Na karanta takardarki, na sake karantawa, sannan na ninke ta na sa a aljihu don kada Dije ta tambaye ni abin da ya sauya mini fuska.

Ɗiyata, kin san ko wane littafi ne wanga? Ranar da muka baro ƙauyenmu muka dawo Nahuce, na bar rumbuna cike da dawa, na bar garma da shanun huɗa, amma gafakar nan tana rataye a wuyana. Mahaifina da ɗan'uwansa, kakanki Labbo, a gaban littafin nan suka koyi sanin ranar da ake fara shuka. Ya tsallake gobara, ya tsallake gara, ya tsallake masu bindiga. Sai da ya shiga ɗaki mai fanka da kwamfuta, hannun jinin mai shi, sannan ya lalace.

'Yan'uwana sun hana ni kai shi. Sun ce kayan malamai ba na ofis ba ne. Na ce musu ɗiyar Abdulaziz ce ke can, ta yi karatun gyaran takarda, ba za ta bari ƙuda ya sauka a kansa ba. Yanzu da wane baki zan yi musu magana?

Kin ce a hannunki abin ya faru. To, na ji, kuma na yaba da ba ki ɗora wa wani ba. Amma kin ce kada in zo. Wanda ya ɓata kayan amana shi ke tahowa ya durƙusa, ba ya aika wa mai kaya ya tsaya nesa. Kuma kina ta jaddada mini kin rubuta a kwamfuta, kamar rubutun zai maido da tawadar da ta tafi. Ban damu da rumbunku ba.

Ki tattara littafin yadda yake, mai lafiya da mara lafiya, ki mayar cikin gafakarsa, ki kawo mini da ƙafarki. Kada ki ƙara taɓa shi da gam ko buroshi.

Baffanki,
Sahabi


Tsafe, Oktoba 2021

Zuwa ga Baffa Malam Sahabi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna Dije. Allah ya sa an samu shigo da amfanin gona lafiya. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan zazzaɓi da na yi sakamakon sauyin wuri, ya wuce.

Ka ga daga Tsafe nake rubutowa. Takardarka ta daɗe a Gusau kafin Saratu ta samu wanda zai kawo mini, don haka kada ka ɗauka shirun da na yi raini ne. Na yi kuka da na karanta, amma ban ga laifinka ba, ni ce na yi maganar a dunƙule. Wannan karon ƙanin Saratu ne zai kawo maka da kansa, don haka zan faɗi komai a buɗe.

Ba ni na lalata shafukan ba. Da na ce a hannuna, ina nufin suna ƙarƙashin amanata.

Na tafi Mada ta'aziyyar wata ƙawata, na kwana biyu. Kafin in dawo aka sanar da shugabanmu, Alhaji Tajuddeen, cewa manyan baƙi za su zo duba ɗakin adana rubuce-rubucenmu. Ya so ya nuna musu abu mai kyau da za su iya ɗauka a hannu. Ya buɗe akwatin da nake ajiye littafin, ya zaɓi shafukan taurari saboda su ne masu jar tawada da zane, ya aika da su shagon da ake manne takardun shaidar makaranta da leda. Injin nan da zafi yake aiki, Baffa. Jar tawadar ta narke ta bazu, baƙar ta ƙone ta yi duhu, ledar kuma ta kama jikin takardar gam. Na dawo na tarar da su a kan tebur suna ƙyalli. Na zauna a ƙasa.

Da na samu natsuwa na ɗauki hotonsu, na shigar a rumbu: ranar da aka fitar da su, irin ledar, cewa da zafi aka manna, da sunan wanda ya ba da umarni. Haka ƙa'idar aikin take, kuma shi da kansa ya koya mana ita lokacin da muka fara aiki.

Washegari ya kira ni ofishinsa. Ya fara da lallashi, ya ce shi kamar uba yake a wurina, kuma da niyyar kare shafukan ya yi. Na ce ban musa ba. Sai ya ce in goge bayanin, in rubuta cewa haka littafin ya iso. Na ce ba haka ya iso ba, hotunan farko suna nan. Ya ce hoto ma ana iya cire shi.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, in ka ga dama ka goge da hannunka, sunanka zai fito a matsayin wanda ya goge. Amma ni ba zan rubuta abin da bai faru ba."

Haka rumbun yake, duk wanda ya sauya wani abu sai ya bar sawu. Ya san da haka, shi ya sa yake so ni in yi, don a ɗauka gyaran kuskurena nake yi. Mako bai zagayo ba aka miƙo mini takardar sauyin wurin aiki zuwa wani ɗakin karatu a nan Tsafe, inda babu abin gyarawa sai tsofaffin jaridu da kujerun da suka karye. Saratu ma an matsa mata, ta ce ita ba ta iya goge aikin da ba ita ta shigar ba.

Na ce kada ka zo ne don na san yana neman hanyar ganinka kafin ka ji daga bakina. Littafin kuma ba zan iya kawo maka ba, an karɓe mabuɗin akwatin daga hannuna. Sauran shafukan lafiyarsu ƙalau.

Ban yi nadama ba, Baffa. Da za a mayar da ni ofishin nan yau, amsar da na bayar ita zan sake bayarwa.

'Yarka,
Mansura


Nahuce, Oktoba 2021

Zuwa ga ɗiyata Mansura.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, an yanke gero, an fara ɗaurin dami. Dije tana gaishe ki, ta ce ki riƙa shan tafasasshen ruwa a can. Allah ya ƙara sauƙi.

Na zarge ki a kan abin da ba ki yi ba. Maganganun da na rubuta miki ki ɗauke su ki jefa a rijiya.

Kafin takardarki ta iso da kwana ɗaya, Alhaji Tajuddeen ya zo Nahuce da kansa, duk da yadda hanya take. Ashe na san shi. Ya yi karatun allo a zauren yayana marigayi, yana yaro mai yawan tambaya. Ya cire hula ya zauna a ƙasa, bai yarda ya hau tabarma ba. Bai ɓoye ba, ya ce shi ya sa aka manne shafukan. Ya ce takardun shaidarsa da na 'ya'yansa duk haka ya yi musu, sun shekara da shekaru ba abin da ya same su, ya ɗauka alheri yake yi. Ya ce saura kaɗan ya aje aiki, kuma in manyansa suka ga sunansa a wurin nan, da wannan za a riƙa tuna shi. Idonsa ya ciko.

Mansura, ni ne mai littafi, kuma na yafe masa. Abin da ya roƙa ƙarami ne, a cire sunansa kawai. Ya ce ranar da kika yi haka, ranar zai sa a maido ki Gusau.

Na san kin yi gaskiya. Amma rufa wa Musulmi asiri ma addini ne, kuma kin fi ni sanin hanyar Tsafe a wanga lokaci. Mahaifiyarki ta aiko mini cewa ba ta barci, jininta ya hau. Ke ɗiya mace, ke kaɗai a garin da ba ki da kowa, saboda layi ɗaya a cikin kwamfuta. Abdulaziz ba ya raye, ni ke madadinsa, kuma ina umartarki ki sassauta. Alhaji ya ce in zo Gusau in sa hannu a wata takarda a rufe maganar. Na ce zan zo in na ji daga gare ki.

Baffanki,
Sahabi


Tsafe, Nuwamba 2021

Zuwa ga Baffa Malam Sahabi.

Assalamu alaikum. Na gode da gaisuwa, na gode wa Inna Dije. Ina lafiya. Na samu ɗaki a gidan wata malamar asibiti, mutuniyar kirki, ba ni kaɗai nake ba. Na je na duba Mama ranar Juma'a, na zauna da ita na yi mata bayani, ta ɗan kwantar da hankali.

Baffa, ban taɓa ƙin umarninka ba, amma wannan karon ina neman afuwa, ba zan iya ba.

Ka yafe haƙƙinka, Allah ya ba ka lada. Ni ma ba ƙararsa na kai ba. Ban nuna wa manyansa ba, ban faɗa wa baƙin ba. Rumbun nan ba kotu ba ne. Sunana yana kan kowane shafin da na taɓa, haka na Saratu, haka na duk wanda ya riga mu. Ana sa suna ne don in wani ya zo gyara daga baya ya san wanda zai tambaya: wane shago ne, wane inji, ya daɗe a ciki ko bai daɗe ba. Akwai masana da ke iya raba leda da takarda a hankali da wasu magunguna, amma sai sun san ainihin abin da aka yi. In aka ba su labarin ƙarya za su zaɓi maganin da bai dace ba, ɗan rubutun da ya rage ma ya bi ruwa. Wannan layin da kake gani ƙarami, shi ne kaɗai damar da shafukan suke da ita.

Sannan ina ganin akwai jimlar da ka wuce a takardata ta baya. Ba cire suna kawai ya nema ba. Ya ce in rubuta cewa haka littafin ya iso. Wataƙila ka ɗauka cin gara ake nufi. A'a, ledar ake nufi. Wato ku ne, iyalan Malam Yusha'u, kuka kai shafukan shago aka ƙona su, sannan kuka kawo mana. In na cire sunansa dole wani suna ya zauna a wurin, kuma naka ne.

Na aika masa ta hannun Saratu cewa yana iya ƙara bayaninsa a ƙarƙashin nawa, ya faɗi niyyarsa ta alheri, babu mai hana shi. Bai amsa ba.

In ka je Gusau, kada ka sa hannu a kan abin da ba a karanta maka da Hausa ba. Ni kuwa zan zauna a Tsafe har ranar da suka gaji. Na fara jera jaridun nan bisa shekarunsu, na shigar da su littafi, tunda babu kwamfuta.

'Yarka mai biyayya a komai ban da wannan,
Mansura


Nahuce, Nuwamba 2021

Zuwa ga ɗiyata Mansura.

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Muna lafiya. Gwiwa ta sha wuya a mota, amma ta kai ni ta maido ni. Na biya na gaida mahaifiyarki, na same ta da sauƙi, har ta dafa mini tuwo.

Na tahi Gusau ranar Litinin. Alhaji Tajuddeen ya tarbe ni hannu biyu, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya turo mini takardar da biro a kanta. Da Turanci take. Na ce a kira mini mai karantawa. Ya ce shi zai fassara, ai taƙaitacciya ce, tana cewa na yafe. Na ce na fi son yarinyar nan Saratu.

Ta shigo tana kallon ƙasa. Ya dube ta irin duban da ba ya bukatar magana. Ta ɗauki takardar, ta karanta kalma-kalma ba ta tsallake komai ba. Takardar ta ce ni, Sahabi, na tabbatar da cewa na kawo littafin da wasu shafuka riga an manne su da leda tun a gida.

Na ture biron. Na ce masa na yafe masa ƙona shafukan, kuma har yanzu ina kan yafewar, amma ban ba shi izinin ya ɗora wa kakana da zuriyarsa ba. Na ce yayana ya koya masa baƙi da wasali a zaurenmu, bai koya masa wannan ba. Ya sunkuyar da kai.

Na nemi a nuna mini shafukan. Ba zan ɓoye miki ba, na ga inda sunayen taurari suke da jan rubutu ya zama kamar an zubar da zoɓo. Daga nan Saratu ta kai ni gaban kwamfutar, ta buɗe mini hotunan da kika ɗauka kafin abin ya faru. Ga rubutun Malam Yusha'u nan garau, har da inda alƙalaminsa ya karkace. Na karanta shafi guda da ƙarfi a tsaye. Na taɓa ce miki ban damu da rumbunku ba. Na janye.

Na tambaye ta ko mai kaya yana da ikon a rubuta maganarsa a ciki. Ta ce akwai gurbinsa. Na ce ta rubuta, ina faɗa tana bugawa, Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Na ce na kawo littafin babu leda ko ɗaya a jikinsa. Na ce abin da Mansura ta rubuta gaskiya ne. Na ce ban yarda kowa ya ƙara taɓa littafin ba, ko ya fitar da shi ga baƙo, sai Mansura ɗiyar Abdulaziz. Ta karanta mini, na ce haka ne, ta sa sunana.

Da zan fita ya biyo ni har bakin titi. Ya ce in ɗauki littafina in tahi da shi, ya fi masa sauƙi. Na ce a'a, gyara na kawo shi, kuma ba a gama ba. Ya ce maido ki ba a hannunsa kaɗai yake ba yanzu, takarda ta riga ta wuce sama, yana iya ɗaukar lokaci mai tsawo. Ya tambaye ni abin da zai yi. Na ce ya koma ya zauna gaban kwamfutar nan ya rubuta abin da ya yi da hannunsa, ƙarƙashin naki. Ban san ko ya yi ba, ban waiwaya ba.

Don haka ban samo miki komai ba, ɗiyata. Kina Tsafe, shafukan suna cikin leda. Amma umarnin da na ba ki na ɗauke shi, kada ki cire ko wasali ɗaya. 'Yan'uwana sun taru jiya suna tambaya yaushe littafi zai dawo gida. Na ce musu sai mai gyaransa ta koma bakin aikinta, kuma ni ba na gaggawa.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki a inda kike.

Baffanki,
Sahabi